Kukan Kaza a Bayan Delmer

Charlene ce ta ta da maganar bindigogin, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, muna wanke kwanuka. 'Yarmu ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, kuma aikin jinya take yi a birni, shi ya sa kome za ta faɗa sai ta faɗe shi kamar mai karanta takardar magani. Ta ce ubanta ba zai sake shiga daji da bindiga ba. Ta ce likita ya riga ya faɗi sunan ciwon, mantuwa ce irin wadda ba ta komawa baya, kuma ni ma shaida ce ranar da ya tafi sayen abincin shanu ya dawo da a-kori-kura fanko yana tambayata abin da na aike shi.

Na ce mata wanda bai taɓa mantuwa ba ya ɗaga hannu. Na ce ita kanta ai ta taɓa barin ɗanta a gidan mai, sai da ta yi nisa ta tuna. Ba ta yi dariya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan nawa ne ta kwashe tas.

Delmer Pruitt, mijina, ya haura saba'in, kuma tun yana saurayi bai taɓa fashin farautar talotalo ba. A tsaunukan nan namu na Ozark 'yan makonni ne kawai ake buɗe farautar a watan Afrilu, lokacin da itatuwa ke sabon ganye, amma shi duk shekararsa a kan makonnin nan take tafiya. Shanu mun rage su, tarakta mun sayar, tuƙi zuwa gari ma na karɓe da dabara. Farautar nan ce abin da ya rage masa a duniya wanda ya fi kowa iyawa. Na san in aka kwashe bindigogin nan daga kabad, zama zai yi a baranda har mutuwa ta zo ta same shi.

"Mama, in ya harbi ɗan wani fa?"

 Daga baya muka yi yarjejeniya a kan kwanukan nan. Zan bi shi kowace safiya, ƙafata ƙafarsa, har a rufe farauta. In ya yi kuskure guda da bindiga a hannu, guda tak, ni da kaina zan kira ta ta zo ta kwashe. Ta sa na rantse. Na rantse mata ina hararar ta, don a raina na tabbata ba za a zo wurin ba.

Sauran aiki, yadda zan bi shi. Delmer ba yaro ba ne da za a ce masa ga mai raino. Sai haƙoransa suka ba ni ƙofa. Tun da aka sa masa na roba a sama, abin kiran da ya fi so ya daina zama masa a baki. Wata 'yar roba ce siririya da aka ɗame a jikin ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki, ana manna ta a ganɗa da harshe, a hura iska ta yi kukan macen talotalo, wadda mu nan kaza kawai muke ce mata. Amfaninta, hannu biyu suna kan bindiga. Yana da ɗan akwatin katako da ake goga murfinsa ya yi kukan, amma wannan sai da hannu, shi kuwa toron talotalo ƙiftawar idonka ma yana gani. Na ce masa ya koya mini, in zama bakinsa shi ya zama hannu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shekara arba'in da wani abu yana jin bakina, bai taɓa tunanin zai yi amfani a daji ba.

Ranar farko da na sa abin nan a baki, saura kaɗan in amayar da karin kumallo. Da na samu ya zauna, kukan da ya fito sai da karenmu ya tashi ya koma ƙarƙashin mota. Delmer ya yi dariya har da hawaye, ya ce ƙofar rumbunmu mai tsatsa ta fi ni murya. Na ji haushi, na kuma yi ta maza. Ina shanya ina hurawa, ina tuƙi ina hurawa, har matar fasto ta tsayar da ni a kanti ta tambaye ni ko asma ce ta kama ni. Shi kuwa yana zaune yana gyara mini. Ki saki muƙamuƙi, tsohuwa. Daga ciki iskar za ta taso, ba daga kumatu ba. Kyauk, kyauk, kyauk, sai ki yi shiru. Ya ce a ɗabi'arsu toro ne yake kuka kaza ta je wurinsa, mu kuma so muke mu juya abin, don haka kazar da ta cika surutu toro tsayawa yake ya jira ta. Ya ce wannan darasin zai fi ba ni wuya.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, in yana koyarwa Delmer ɗina ne sak. Yakan nemi sunan maƙwabcinmu ya rasa, amma dokokin daji ko ɗaya bai zube masa ba. A jingina da itacen da ya fi kafaɗa faɗi. Ba ja, ba fari, ba shuɗi a jiki, don launin kan toro ke nan. Ba a taɓa bin kukan talotalo da sanɗa, saboda a watan Afrilu rabin kajin da ke kuka a daji takalmi ne a ƙafarsu. In kuwa ka hango mafarauci yana nufo ka, kada ka motsa, kada ka ɗaga hannu, ka yi masa magana da muryar mutum. Ya maimaita mini wannan har na gaji, na ce masa na ji, ba kurma ba ce.

Aka buɗe farauta. Safiyoyin farko lafiya lau. Daga bayan gida muke hawa da ƙafa, filinmu ne har ƙarshen tudu. Ba ya sa harsashi sai mun zauna, yana cirewa kafin mu tashi, bakin bindiga kullum ƙasa. Wata safiya wani ƙaramin toro ya zo har gabanmu, ya ƙyale shi ya wuce, ya raɗa mini wai a bar yaro ya yi gemu. Ina komawa gida na kira Charlene na zayyana mata, har da ƙari. Ta ce to, Mama. Wannan "to" ɗin nata ya tsaya mini a wuya.

Ranar da abin ya faru, gari bai gama wayewa ba muka kai doron tudu, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Delmer ya haɗa hannu a baki ya yi kukan mujiya. Daga can hayin kwari wani toro ya amsa daga kan itace, murya mai kauri har ka ji ta a ƙirji. Delmer ya matse mini hannu. Wannan shi ne tsohon da ya daɗe yana wahalar da shi.

Muka gangara muka zauna, shi a gaba, ni a kafaɗarsa, kowa ya ja raga ya rufe fuska. Da haske ya fara shiga daji na yi kira a hankali, irin na kazar da ta farka. Toro ya katse ni da kuka tun ban rufe baki ba. Muka ji faɗowarsa daga itace, fuka-fuki fafafa. Ya tsallako rafi, ya hau gangaren, kukansa na ƙara matsowa, har na fara jin wannan gurnanin da suke yi in sun buɗe wutsiya. Sai ya toge. Yana bayan wani ɗan tudu, ba ma ganinsa, yana kai da komo yana kuka, ya ƙi ƙara taku ɗaya. Jira yake kaza ta zo.

Delmer ya karkato kansa kaɗan, ya raɗa mini in ja da baya, in haye hayin da ke bayanmu, in yi kira daga can kamar kaza ta gaji ta kama hanya. Toro zai biyo, ya ratsa ta gabansa. Dabara ce da kowane tsohon mafarauci ya sani, kuma daidai lokacinta ne. Na tuna rantsuwar da na yi, ƙafata ƙafarsa. Amma na dubi idonsa ta cikin raga, garau yake, ya fi nawa natsuwa. Na ce a raina ɗan nan da can ne. Na ja ciki a kan ganye, tsofai-tsofai da ni, har na haye, na sami wani ƙaton itace na jingina. Daga nan ba na ganinsa, shi ma ba ya ganina.

Na gyara robar a ganɗa na yi kira. Tsakani da Allah ban taɓa yin irinsa ba. Ya fito da 'yar dishewar nan ta tsohuwar kaza, ya karye a ƙarshe yadda Delmer yake so. Toro ya yi kuka sau biyu a jere kamar zai tsage. Daɗi ya kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na ƙara ɗaya ƙasa-ƙasa, na yi shiru.

Daji ya yi tsit. Toro ya daina kuka, wanda sau da yawa alama ce ta yana tafe. Na zauna ina jiran ƙarar bindiga. Shiru. Ƙafata ta mutu, sauro ya sami wuyana, rana ta fara taɓa saman itatuwa. Na sa hannu a ƙasa na ɗan karci busassun ganye, kamar kaza tana tono, na yi 'yar ƙaramar murya.

Sai na ji taku a cikin ganye, daga wajen da na baro Delmer. Taku, tsayawa, taku. Tafiyar talotalo da ta mutum a busasshen ganye kusan ɗaya ce, don haka na ɗauka toro ne ya kewaye shi ya zo wurina, har ina shirya tsiyar da zan yi masa a gida. Na zuba ido a kan wani ɗan kurmi da ke gabana. Abin da ya fara fitowa daga bayansa bakin bindiga ne.

Ya biyo baya a sunkuye, kumatunsa a jikin bindiga, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa a hankali. Delmer, wanda ya hana duk yaran kwarin nan bin kuka da sanɗa. Yana laluben inda kazar take, don ya san inda kaza take nan toro zai tsaya. Nan take na gane abin da ya faru. Ya zauna shiru shi kaɗai, zaman ya yi tsawo, ya ji kaza a bayansa. Ya manta cewa tare da ni ya zo.

Na san abin da zan yi, ai an koya mini. Ban motsa ba. Na buɗe baki in kira sunansa, na manta abin da ke manne a ganɗata. Iskar ta bi ta kan robar, abin da ya fito ɗan kukan kaza ne, siriri.

Bakin bindiga ya juyo ya tsaya a kaina cak. Tsakaninmu bai fi faɗin tsakar gida ba. Na ji ƙas, ya zare makullin da ke tare kunamar bindiga.

Hannuna na dama yana cikin ganye inda na yi tono, ban isa in janye shi ba. Na sa harshe in turo robar, bakina ya bushe ƙamas, ta manne kamar an sa mata gam. Numfashi ma tsoronsa nake, kada ya sake bi ta kanta. Ina kallon ramin bindigar nan baƙi ƙirin, ina kallon yatsansa. Abin da ya zo mini a rai ba mutuwata ba ce. Shi na tuna, yadda zai ƙaraso ya ɗaga ragar nan ya ga fuskar da ke ciki. Na tattara ɗan yawun da ya rage, na murza harshe gefe, robar ta saki ta zamo bayan leɓe. Na tofar da ita cikin raga.

"Mutum ne. Kada ka harba, mutum ne a nan."

Muryar ba ta yi kama da tawa ba. Bai sauke nan da nan ba, sai da ya ɗan jima yana kallo ta saman bindigar. Sannan bakin ya yi ƙasa a hankali. Ya mayar da makulli, ya zare harsasan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu. Ya ja ragarsa ƙasa. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Baiwar Allah, kin san filin wa kike? Wa ya ba ki izinin shigowa?"

Na ce a raina ragar ce. Kowa ya rufe fuska ai ba a gane shi. Na cire hula, na cire raga, na share gashina baya, na ɗaga kai na dube shi sosai, yadda hasken zai faɗa mini a fuska. Ya dube ni. Ya sa yatsu biyu ya taɓa bakin hularsa, irin gaisuwar da yake yi wa matan da bai sani ba a ƙofar coci.

Ban yi kuka ba. Ban san dalili ba, amma ban yi ba. Na ce masa ya yi haƙuri, ɓata na yi, ban ga shinge ba. Ya yi mini faɗa kaɗan, na ladabi, ya ce mace ita kaɗai a daji a wannan lokaci ganganci ne. Sai ya tambaye ni ko ni ce na yi kiran nan da ya ji. Na ce ni ce. Ya girgiza kai ya ce ya fi shekara hamsin yana sauraron kaji da masu kwaikwayon kaji, ba a taɓa ruɗa shi ba sai yau. Ya ce wa ya koya mini.

"Mijina."

"To ya iya koyarwa. Ki gaishe shi."

Ya miƙo hannu ya ɗaga ni. Na ce masa ban san hanya ba, ko zai kai ni inda zan sami waya. Ya ce gidansa na nan ƙasa, matarsa za ta ba ni kofi. Muka kama gangara, yana gaba ina baya, yana riƙe mini rassa kada su doke ni. Hanyar da na sani fiye da tafin hannuna, yana nuna mini inda santsi yake.

Da muka kai wajen rafi ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce yana da roƙo. Ya ce abin da ya yi yau bai taɓa yin irinsa ba, shi da kansa bai san abin da ya tashe shi daga gindin itacen ba, kuma ya san ba shi da bakin kare kansa.

"Amma don Allah kada maganar nan ta fita. 'Yata so take ta raba ni da bindiga, sun ɗauka ban sani ba. Matata ce ta tsaya mini, ita kaɗai. In ta ji wannan, na kunyata ta."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, da askin da ni na yi masa da almakashin ɗinki. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin. Na ce masa ba wanda zai ji daga bakina. Ya ce ya gode, Allah ya saka.

A bakin gida ya zauna a matakala yana kwance igiyar takalmi, kare na lasar hannunsa. Na ce bari in kewaya. Na shiga ta ƙofar baya, na tuɓe kayan daji na cusa a bayan injin wanki, na wanke fuska, na ɗaura gyautona na girki, na ɗora kasko. Hannuna ya fasa ƙwai biyu a ƙasa kafin ɗaya ya shiga kaskon. Na ji ya buɗe kabad ya ajiye bindiga ya kulle, kamar kullum. Ya shigo kicin da safa.

"Nadine, da kin zo yau da kin ga abin mamaki."

Ya san ni. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya ce tsohon toron nan ya sake tsere masa. Bai nemi baƙuwar da ya kawo ba, bai kuma yi maganar bindiga ba. Abin da ya ba ni labari kawai, ya haɗu da wata mata a kan tudu, ba 'yar nan ba ce, wadda ta iya kira fiye da duk mazan da ya sani. Ya ce da zan ji ta da na san ina da sauran aiki. Na ce ai sannu ba ta hana zuwa. Ya ci ƙwansa da burodi, ya ƙara kofi, ya ce in tashe shi da wuri gobe, ya san itacen da toron zai kwana. Na ce to.

Da ya fita baranda na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado da waya a hannu. Ina jin ƙarar kujerarsa mai lilo ta taga. Charlene ta ɗauka a bugun farko, kamar dama jira take. Na ce ta zo yau, kafin dare, ta taho da mijinta don kabad ɗin da nauyi. Ta ce me ya faru, wani ya ji rauni? Na ce kowa lafiya.

"Mama, me ya yi?"

"Na yi wa wani mutum alkawari a daji ba zan faɗa ba. Ke dai ki zo."

Na ajiye wayar, na fita baranda na zauna kusa da shi. Yana ta lissafa mini ta inda za mu hau gobe, ni kuma ina kallon hanya.